Jawabin Yaye Sabbin Masu Ɗaukar Hoto



Ku 'ya'yanmu da ake yayewa, sirrin haske da inuwa malamanku sun gama muku shi. Ni a kan wanda zai zauna gabanku zan yi magana.

A 1948 Seydou Keïta, ɗan wani kafinta, ya buɗe shagon hoto a Bamako ta ƙasar Mali. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya zanen gado a bayan mai zama. Fim na da tsada, don haka yawanci sau ɗaya yake danna kyamara, kuma bai taɓa ɗaukar wannan dannawa da wasa ba. Sai ya baza wa mace zaninta, ya gyara mata zaman fuska, ya nuna mata inda za ta aza hannu don zobenta ya fito. Ya tanadi agogo, alƙalami, rediyo, kwat, har da babur ƙirar Vespa, wanda ba shi da su ya ara. Wani zai ce ƙarya ce. Ni ban yarda ba. Mutum ya biya kuɗinsa ne domin danginsa su gan shi cikin mutunci, Keïta kuwa ya ba shi.

A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York, babu ko sunansa a jiki. Sai da aka bi sawu har Bamako, inda wani mai ɗaukar hoto, Malick Sidibé, ya gane hannun. Aka tarar ya adana dubban dodon hotunansa. Kafin ya rasu a Paris a 2001, duniya ta san shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne mutanen cikin hotunan. Ga su da kwalliyarsu a manyan gidajen tarihi, amma akasarinsu ba a san ko su wane ne ba.

Saboda haka, 'ya'yana, duk wanda kuka ɗauka ku rubuta sunansa da garinsa da ranar. Kada ku bar aikinku cikin waya kaɗai, waya tana faɗuwa. Hoton amarya amana ce, kada ya hau Facebook sai ita da gidansu sun yarda.

Allah ya sa wa sana'arku albarka. Mai girma shugaban taro, ina roƙon ka taso ka miƙa musu takardun shaida.