TAMBAYA MAI GURABE: YADDA KWAMFUTA KE NEMO AMSA CIKIN SARƘAƘƘUN BAYANAI



An nemi in yi magana a kan wata hanya ta ajiye bayani a kwamfuta da yi masa tambaya. Hanyar kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana jero asalin sarki. Ana karya kowane bayani a mai da shi jumla mai gaɓa uku: wanda ake magana a kansa, dangantaka, da wanda aka danganta shi da shi. Alal misali, Abbas, ubansa, Abdullahi Maje Karofi. Ko kuma Wudil, tana cikin, Jihar Kano. In jumlolin suka yi yawa sai su sarƙe kamar tarun masunta, kowane suna ƙulli, kowace dangantaka zare. Wannan tsari shi ake kira RDF, kuma hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi tun 1999. Harshen da ake yi masa tambaya da shi, watau SPARQL, ya sami amincewarta a 2008.

To, yaya ake tambayar taru? Ana zana ɗan guntun taru ne, a bar waɗansu ƙulle-ƙulle a matsayin gurabe, a ce wa na'ura ta nemo duk inda wannan zane ya hau daidai. Mu ɗauki sarakunan Kano daga Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, zuwa Ado Bayero. Tambayarmu ita ce: wane sarki ne 'ya'yansa biyu suka yi sarauta? Zanen zai ce: Wane sarkin Kano ne, na ɗaya ɗan Wane ne, kuma sarki ne, na biyu ɗan Wane ne, shi ma sarki ne. Gurabe uku ke nan, jumloli biyar.

Amsar da masanin tarihi zai ba mu mutum huɗu ce. Dabo ya haifi Usman da Abdullahi da Bello. Abdullahi Maje Karofi ya haifi Aliyu Babba da Abbas da Usman na biyu. Abbas ya haifi Abdullahi Bayero da Muhammadu Inuwa. Bayero kuma ya haifi Sanusi da Ado. Amma na'ura za ta ƙara mana da Muhammadu Bello, alhali Tukur kaɗai ne ya yi sarauta cikin 'ya'yansa. Dalili kuwa, ƙa'idar SPARQL ba ta hana mutum ɗaya ya cika gurbi biyu ba, saboda haka sai ta sa Tukur a gurbin na ɗaya, ta sake sa shi a na biyu, zane ya hau. Sai mai tambaya ya ƙara sharaɗi da kansa cewa lalle su biyun su bambanta. Na jima a kan wannan misali don a nan ne sababbin shiga suka fi tuntuɓe, su zargi na'ura da ƙarya, ita kuwa abin da aka zana mata ta bi.

Kun kuma lura Abdullahi biyu ne a jerin nan, Usman ma biyu. Da suna za a dogara da shi, da an mai da jika kakan kansa. Shi ya sa Tim Berners-Lee, a ƙa'idojin da ya rubuta a 2006, ya fara da cewa a ba kowane abu adireshinsa na musamman. A rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, Nijeriya lambarta Q1033, dangantakar uba kuwa P22. Lambar ba ta da yare. Bahaushe ya liƙa mata suna da Hausa, Bafaranshe da Faransanci, tambaya ɗaya ta yi wa kowa aiki.

Sai batun wahalar aikin. Masana lissafi sun tabbatar da cewa ɗora zane a kan babban taru yana cikin matsalolin da ba a san wata hanya mai sauri ta warware kowane irinsu ba. Dabarar da masu rubuta manhaja ke yi ita ce ta dillali a karar shanun Wudil. In an ce ya nemo farin bijimi mai karyayyen ƙaho, ba zai fara da farare ba, don sun cika kara. Ƙahon zai fara dubawa. Haka na'ura, in ta fara da "sarkin Kano" mutane kaɗan za ta riƙe, in ta fara da "mai uba" sai ta ɗauko miliyoyi. Ma'aikatar tambaya ta Wikidata daƙiƙa 60 take ba kowace tambaya, in ta wuce a yanke ta.

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe. In ba wanda ya rubuta jumlar da ta ce Inuwa ɗan Abbas ne, Abbas zai fita daga amsa, kuma na'ura ba za ta yi gargaɗi ba. A wannan tsari rashin jumla ba ya nufin abin bai faru ba, yana nufin ba a rubuta ba ne kawai. Amma ma'aikacin da ya buga tambaya a kan asibitoci ko makarantun wata ƙaramar hukuma ya ga fili, yana iya kai wa na gaba da shi rahoton cewa babu su, a yi kasafi a kan haka.

A 2021 an zaɓi Hausa cikin harsuna biyar, tare da Ibo da Dagbani da Bengali da Malayalam, da za a fara mai da hankali a kansu a wani shiri na Wikimedia mai nufin fitar da rubutu cikin harsuna daga irin waɗannan bayanai. Duk abin da ba a shigar ba, ba zai fito da Hausa ba. Rumbun a buɗe yake ga kowa. Shawarata ga kowane ɗalibi a zauren nan ita ce ya buɗe shafin garinsu a makon nan, ya duba ko an rubuta ƙaramar hukumarsa da sunansa na Hausa, ya ƙara abin da ya rage tare da littafi ko takardar da ya samo shi.