WAYAR GILASHI TA SAUKA IKKO, YAUSHE ZA TA ISO RUMFUNANMU?

Laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Babbar Kasuwar Kaduna



Yau maganar intanet muka kawo muku. Wani zai ce ina ruwan talaka da intanet, ai wannan wasan 'yan boko ne. To, wanda ya faɗi haka ya manta da farkon 2023, lokacin da aka canja launin Naira, takardar kuɗi ta ɓace. A nan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kowa ya gani. Mai saye ya tura kuɗi, ya nuna maka waya, kai kuwa alat bai shigo ba. Ka ba shi kaya ka yi asara, ka hana shi ku yi rigima. Mai tumatir kuwa, kafin sabis ya dawo kayansa sun ruɓe. Tun daga ran nan kowa ya san sabis jari ne, kamar yadda rumfa take jari.

Gida ma haka. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta. Matan aure suna sayar da turare da lesi ta WhatsApp daga cikin ɗaki. Ɗan da ke Makka ko Kwatano yana son ganin fuskar tsohuwarsa. Duk wannan a kan 'yar datar waya ake yi, wadda take ƙarewa kamar kananzir a fitila mai yoyo. Kana a watan Janairu 2025 hukumar NCC ta yarda wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari.

Abin da jama'a suke nema yanzu shi ne faiba, watau wayar gilashi. Zare ne na gilashi, siririntarsa kamar gashin kai, haske ne yake gudu a cikinsa yana ɗauke da saƙo. Ana binne shi a ƙasa ko a rataye shi bisa turaku har cikin gida ko kanti. Bambancinsa da sabis ɗin waya shi ne, ƙarfen sabis ɗaya dubban mutane ne suke rububinsa, shi ya sa da azahar, kasuwa ta cika, sai waya ta yi ta juyi. Faiba kuwa famfo ne a tsakar gidanka, ba layin rijiya ba.

Kada wani ya ce muku babu shi a ƙasar nan. Manyan wayoyi sun ratso teku sun sauka Ikko: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano ta kamfanin Google a 2022. Ruwa ya cika tafki a bakin teku, magudanar da za ta kawo shi Arewa, wajen mil 500, ta raba shi unguwa-unguwa, ita ce ta yi ƙaranci.

Me ya hana? Na farko haraji. Kafin kamfani ya haƙa rami ya binne waya sai ya biya gwamnatin jiha kuɗin hanya. A 2013 aka shirya cewa kowace jiha ta karɓi Naira 145 kan kowace mita, amma jihohi suka yi kunnen ƙashi. Ekiti Naira 4,500 take karɓa kafin ta rage a 2020, watau miliyan huɗu da rabi kan kilomita guda, ba a ko sayi waya ba tukuna. Gaskiya ɗaya ce, ko daga bakin abokin hamayya ta fito: a 2020 gwamnatin Kaduna ta yafe wannan kuɗi baki ɗaya, kuma ta yi daidai. To, amma tambayarmu ita ce, wannan rangwame da aka yi da sunanmu, gidan wa ya shiga? Kamfani ɗan kasuwa ne kamar ku, inda ya hango ciniki nan yake kafa rumfa. Idan ba a gindaya masa sharaɗi ba, zai bi Unguwar Rimi da Malali ya tsaya. Zamanin Turawa haka aka yi da lantarki da famfo, Bariki tukuna, talaka ya jira. Mutanen Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi sun san wannan jira.

Alkawari kuwa mun sha shi. A watan Maris 2020 aka ƙaddamar da shirin cewa kafin ƙarshen 2025 kashi 70 cikin ɗari za su sami intanet mai sauri. Shekarar ta ƙare, da ƙyar aka taɓa rabi, rabin nan ma kusan duka ta wayar hannu ne. A 2024 kuma aka ce za a shimfiɗa faiba kilomita 90,000. Allah ya sa, amma mu a ƙasa muke so mu gani. Wadda aka riga aka binne ma, motocin 'yan kwangilar hanya suna tsinka ta kullum, gama mai haƙa titi bai san abin da ke ƙasa ba, ba wanda ya gaya masa.

Saboda haka muna neman gwamnatin jiha ta buga sunayen unguwannin da faiba ta shiga tun 2020, kowa ya karanta. Duk kamfanin da ya ci moriyar yafe kuɗin hanya a sa shi ya kai waya kasuwanni da unguwannin talakawa. Hukumar kasuwa kuwa, tun da tana karɓar kuɗin rumfa ba fashi, ta shigo da faiba cikin kasuwar nan, layi-layi, tare da wutar rana, domin akwatin faiba ba ya aiki sai da wuta, mun kuwa san halin wutarmu. Layi ɗaya na iya haɗa kuɗi kamar adashi ya biya na wata.

Takardar koke tana hannun shugaban kowane layi. Mai rubutu ya sa hannu, da boko ko da ajami, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. Ranar Litinin da hantsi wakilanmu za su kai ta ofishin hukumar kasuwa, kofi ɗaya kuma ya tafi Majalisar Dokoki a Lugard Hall.