Jawabi a Wajen Bikin Yaye Masu Haɗa Kebul na Babbar Wuta

  

Wutar da ke juya injin niƙa a Bichi ko Dambatta ta sha doguwar tafiya kafin ta iso. Wani kaso nata yana tasowa daga madatsar Shiroro a Jihar Neja, wadda aka gina don ta ba da megawat 600, ya bi ta Mando a Kaduna, ya sauka Kumbotso a kan layin bolt 330,000. Daga nan ake ta rage mata ƙarfi mataki-mataki, zuwa 132,000, zuwa 33,000 (layin talatin da uku), zuwa 11,000 (layin sha ɗaya), har ta shigo gida tana bolt 230. Kusan duk abin da ta ratsa a hanya inji ne ya ƙera shi a masana'anta, aka gwada shi kafin a ɗora shi a mota. Wurare kaɗan ne suka fita daga wannan lissafi, wato inda aka haɗa kebul biyu, da inda aka ɗaure kan kebul a jikin taransifoma ko a saman falwaya. Waɗannan hannun mutum ne yake yin su, a tsugune cikin rami ko a kan tsani, rana tana dukansa. Maganar da nake so in kafa a gaban wannan taro ita ce, duk yankin da yake son wuta mai ɗorewa dole ya kashe kuɗi a kan wannan hannu, ya ba shi lokaci, ya kuma ba shi ikon cewa a'a.

Bari in yi wa iyayenmu bayanin abin da yaran nan suka koyo, don kada a ɗauka murɗa waya ne da naɗa salatif. Idan aka yanka kebul na layin sha ɗaya za a tarar da shi hawa-hawa kamar albasa. A tsakiya akwai jan ƙarfe ko alminiyom, sai wata baƙar fata siririya, sai farar roba mai tsare wutar, sai wata baƙar fatar, sai zanen jan ƙarfe da ake haɗawa da ƙasa, sai sulke, sai riga ta waje. Kaurin farar robar nan milimita 3.4 ne kawai, na layin talatin da uku kuwa milimita 8. Abin da bai kai kaurin ƙwayar gyaɗa ba shi ke riƙe wutar da ta ninka ta gida kusan sau hamsin. Tana iya riƙewa ne saboda baƙar fatar waje tana baza nauyin wutar daidai a ko'ina. To amma mai haɗi dole ya feɗe wannan fata kafin ya kai ga ƙarfen, kuma daidai bakin inda ya yanke ta, nan ƙarfin wutar yake taruwa, kamar yadda ruwan kwari yake cin gindin gada. Aikinsa shi ne ya sake gina abin da ya rushe: ya auna kowane yanki da ma'auni, ya goge robar har ta yi santsi, ya cike kowace kafa, ya zura hannun riga mai rarraba nauyin, ya gasa shi da wutar gas daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Idan wuƙarsa ta ɗan karci robar, ko ƙurar hunturu ta sauka a kai, ko gumin yatsa ya taɓa, wani ɗan tartsatsi da ido ba ya gani zai fara cin robar daga ciki, yana yin rassa kamar saiwar bishiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren wannan sana'a shi ne raɓar damina.

A nan wahalar take, domin mugun haɗi ba ya tona kansa ran da aka yi shi. Ana kunna wuta, yara su yi ihun murna, a biya mai aiki ya tafi. Sai bayan wata shida, ko shekara biyu, a ji ƙara cikin dare, gari ya yi duhu, a wayi gari ana cewa taransifoma ta buga, a zagi kamfani, a zagi gwamnati. Babu mai tuna wanda ya feɗe kebul ɗin da reza. Wannan jinkiri tsakanin kuskure da sakamakonsa shi ya sa kasuwa ba ta iya bambance gwani da ɗan koyo, shi ya sa kuma takardar da za a miƙa yau take da nauyi. Ko ƙasashen da suka fi mu kuɗi ba su tsira daga sharrin kebul da aka binne aka manta ba. Tsakanin Janairu da Fabrairun 1998, manyan kebul huɗu na bolt 110,000 da ke ciyar da tsakiyar birnin Auckland na ƙasar New Zealand suka lalace ɗaya bayan ɗaya, aka yi kusan mako biyar ana fama.

Na san wani zai ce, ai mu nan karkara wayoyinmu a sama suke, binne kebul harkar birni ce. Gaskiya ne layin da ya ratsa gonakin Kunchi da Tsanyawa da Makoɗa a kan turaku yake. Amma a je gindin taransifomar unguwa a duba: kebul ne yake fita daga cikinta zuwa akwatin rarraba wuta, daga can kuma ya hau falwaya, a wurare da yawa ma kebul ne yake sauko mata da babbar wutar. Haka a kowace tashar da ke sauke talatin da uku zuwa sha ɗaya. Kuma ƙasar nan tamu ba daji ba ce. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu a kan yadda karkarar Kano take cike da mutane, gona na jingine da gona, ba a barin fili ya huta. Inda ƙauye yake hango ƙauye, taransifoma tana da yawa, kowace kuma da kawunan kebul ɗinta. Ga kuma ɓarayin waya, Allah Ya shirye su, waɗanda duk daren da suka yanke kebul sun bar wa gari aikin ɗaurin kai sabo.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba: kuɗi. Sau da yawa jama'a ne suke karo-karo su sayi kebul, manomi ya sayar da kwanon gero, mai shayi ya kawo nasa. Kayan ɗaurin kai na gaske daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Idan wani ya zo ya ce zai yi da salatif a kan rabin kuɗin, wa zai zargi mai unguwar da ya amsa? Sai dai a yi lissafin har ƙarshe. Kayan haɗin ƙaramin kaso ne na kuɗin kebul, kebul kuma ƙaramin kaso ne na kuɗin taransifoma, kuma idan kan ya fashe yakan tafi da abin da ke kusa da shi. A ɗora asarar mai walda da mai casar shinkafar Watari da mai sayar da ƙanƙara, da asibitin da allurar rigakafinsa ke cikin firji, na tsawon makonnin da za a yi ana sabon karo-karo. Araha ba ta ado, a nan kuwa har kisa tana yi.

Akwai masu cewa wutar ma ina take, balle a damu da haɗinta? Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka faɗi, Kano ta kwana da yawa cikin duhu. Wannan ba laifin mai haɗi ba ne, kuma ba shi zai gyara ba. Amma yawan ɗaukewa da kawowa shi kansa yana gajiyar da haɗi, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, don haka layinmu ya fi na kowa bukatar aiki mai kyau. Masu jiran hasken rana ya raba mu da wannan sana'a kuma su leƙa tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023. Da kebul na babbar wuta take miƙa abin da ta tara.

Saboda haka ina roƙon iyayen ƙasa abu guda. Duk ran da gari zai sa hannu a aikin taransifoma, a sanar da kamfanin wuta na KEDCO, a nemi mai takardar shaida irin wadda hukumar NEMSA take bayarwa, a rubuta sunansa da ranar aikin a ajiye a gidan dagaci. Idan ya ce yau akwai hadari ko ƙura ta yi yawa, a bari sai gobe, kada a matsa masa don ana da biki.

Ku kuma 'ya'yana, kebul yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe layi. Kada ɗayanku ya taɓa shi don wani ya ce masa ta waya an kashe. Ku karɓi izinin aiki a rubuce, ku gwada da na'ura, ku sauke ragowar wutar a ƙasa, ku ɗaure wayar ƙasa inda idonku yake ganinta, sannan ku zaro wuƙa. Idan kun gama ku auna kafin a kunna, ku rubuta abin da ma'auni ya nuna. Za a ce kun cika tsada, za a ce kun cika nawa. Ku nuna musu takardar da ke cikin kwalin kayan, ku ci gaba da awonku.

Allah Ya tsare ku, Ya sa albarka a hannuwanku. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, muna roƙon ka taso ka miƙa wa yaran nan takardunsu.