Daga Binciken Matsarmama Zuwa Maganin Ciwon Hanta

Hanta tana samar da ruwan matsarmama kusan rabin lita zuwa lita guda a kullum, kuma da shi ne hanji ke narkar da maiƙo. Shi ne ruwan nan mai ɗaci da mahautan Sakkwato ke lallaɓa jakarsa wajen fiɗa, don kada ta fashe ta ɓata nama. Jiki ba ya asarar yawancin gishirin da ke cikinsa: kusan kashi 95 cikin ɗari yana komawa hanta ta hanyar jini. Idan mafitar ruwan ta toshe, ido yakan yi ruwan ɗorawa, wato shawara.

A 1991, Peter Meier da Bruno Hagenbuch na birnin Zurik a Suwizalan suka gano NTCP, ƙofar da gishirin ke bi ya shiga ƙwayoyin hanta. A 2012 kuma, tawagar Li Wenhui a Beijin ta tabbatar cewa ta wannan ƙofa ce ƙwayoyin ciwon hanta nau'in B da D suke kutsawa. Maganin bulevirtide, mai tare ƙofar, ya samu amincewar Tarayyar Turai a 2020 domin nau'in D.

Wannan ilimi ya shafi Najeriya kai tsaye, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya suna ɗauke da nau'in B. A Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana gwajin cutar. Riga-kafinta kuwa ya fi amfani idan aka yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa.