Kai Yara Ganin Birnin Kano

Yau maganarmu a kan kai yara ganin birni ce.

Da yawa cikinmu mun sha zuwa Kano cin kasuwa, amma 'ya'yanmu sai labari suke ji. To, in kaka ta yi, an sayar da amfanin gona, a ware ɗan kuɗi a kai su. Kada a zaɓi ranar Juma'a, gama cunkoson cikin gari ya fi ƙarfin yaro.

A yi sammako. Mota takan tashi daga Kibiya ta bi ta Rano da Bunkure, ta hau hanyar Zariya. Uwargida ta ɗaure guzuri tun da dare: fura, da ƙuli-ƙuli, da ruwan sha. Abincin birni da tsada. Kuɗin komowa kuwa a sa shi a aljihu dabam, kada a taɓa.

Ku fara da Dutsen Dala tun rana ba ta yi zafi ba. Daga bisansa ana ganin birni duka. Nan Barbushe ya zauna kafin zuwan Bagauda. Sa'an nan ku gangara Gidan Makama, kusa da Gidan Sarki, inda aka ajiye kayan mutanen da, da makamansu, da hotunan sarakuna. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina Gidan Sarki, a zamaninsa kuma aka kafa Kasuwar Kurmi. In da sauran ƙarfi, a leƙa marinar Ƙofar Mata. Gidan Zu a bar shi ƙarshe, don yana wajen hanyar gida. Na san nan hankalin yara yake, tun safe za su dame ku da shi.

Ga babbar magana. Birni ba Kibiya ba ne, inda kowa ya san ɗan kowa. Lungunan Kurmi ƙanana ne, yaro yana sakin hannu ya ɓace. Kafin ku tashi, kowane yaro a rubuta masa sunansa, da sunan ubansa, da garinsu, da lambar waya, a sa takardar a aljihunsa. A gaya masa, in ya rasa ku ya tsaya inda yake, ya nuna wa mai kanti ko ɗan sanda. Babba ɗaya kada ya riƙe fiye da yara biyu, wajen ƙetare titi balle.

Da an yi la'asar ku nufi tasha, kada dare ya same ku a hanya.

Yanzu kowa ya ɗauki fensirinsa, mu gwada rubuta takardar nan.