Ladar Alƙalami Da Kuɗin Shaidar Zur

  

Tambaya ɗaya ta yawaita daga samarinmu masu karatun boko, na gida da mazauna Yamai. Sun ce akwai wurare a intanet da ake biyan mutum ya rubuta ra'ayinsa a kan kayan sayarwa, ko waya, ko magani, ko masauki, ya ba kayan taurari daga 1 zuwa 5, domin masu saye su karanta kafin su fitar da kuɗinsu. Mai yin haka yakan sami ɗan ƙari a kan sana'arsa, ga kuma hidimar salla tana matsowa. Shin kuɗin nan halal ne?

Ku sani karɓar lada a kan rubutu halal ne. Iyayenmu sun biya malamai masu kwafar littattafai da hannu, sun biya masu rubuta musu wasiƙa zuwa ga ƴan cin rani a Kumasi da Akara. Wannan shi ne ijara. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta mata cewa aikin ya zama sananne, ladar ta zama sananniya, amfanin da ake biya dominsa kuma ya zama halattacce. A wannan sharaɗi na uku maganar take.

Wanda ya rubuta cewa ya gwada kaya ya same su da kyau, shaida ya bayar, ko da ba a gaban alƙali ba. Idan bai taɓa riƙe kayan ba, ko ya ga aibi ya ɓoye domin an biya shi, to ya yi shaidar zur. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai. Da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa.

Wannan yaudara tana da tsohon suna a fiƙihu, ana ce mata najashi, kuma Imamu Malik ya kawo haninta a cikin Muwaɗɗa. Duk mai zuwa kasuwar dabbobi ta Baleyara ranar Lahadi zai gane siffarta: mutum ya tsaya a kan sa yana ƙara tayi, alhali ba saye zai yi ba, so yake wani ya ruɗu ya saya da tsada. A mazhabarmu, idan da sanin mai kaya aka yi haka, mai saye yana da ikon mayar da kayan. Mai yabon haya a intanet da mai tayin ƙarya a kasuwa aikinsu ɗaya, sai dai na kasuwa mutum guda yake ruɗa, na intanet kuwa rubutunsa yana nan yana ruɗar jama'a shi yana barci.

Ku dubi manomin dankalin turawa a fadamarmu ta Dallol Boso. Ya ci bashi domin sayen injin ban ruwa, ɗansa ya karanta masa yabon da aka yi wa wani inji, ya saya, injin ya mutu a tsakiyar noman sanyi, shuka ta bushe, bashi yana wuyansa. Wanda ya rubuta yabon bai san sunan manomin ba, amma za su haɗu ranar hisabi. In kuwa magani ne aka yaba wa, uwa ta ba ɗanta, to asarar ta wuce ta dukiya.

Ko waɗanda ba Musulmi ba sun ga ɓarnar. Kamfanin Amazon ya hana yabon da ake yi don an karɓi kaya kyauta tun shekara ta 2016, hukumar kula da ciniki ta Amurka kuma ta kafa dokar hana saye da sayar da yabon ƙarya a 2024. Su tara suke tsoro, mu kuwa muna da abin tsoro da ya fi tara. Abu Huraira ya ruwaito, a cikin Buhari, abin da ma'anarsa ita ce: mai azumin da bai bar maganar zur da aiki da ita ba, Allah ba Ya da buƙatar yunwarsa da ƙishirwarsa. Yatsa mai rubutu a waya hukuncinsa hukuncin harshe ne.

Saboda haka, ɗana, in kana son wannan aiki, kada ka rubuta sai a kan abin da ka gwada da kanka. Ka faɗi kyaunsa, ka faɗi aibinsa. Ka bayyana wa mai karatu cewa an biya ka. Ka tabbata ladarka ta wahalar rubutu ce, ba ta sauyawa ko ka yaba ko ka kushe. Idan an ce sai taurari 5 za a biya, ko an ce ka ɓata kayan abokin gasa, ka bar musu kuɗinsu. Wanda kuma ya ce sai ka fara zuba kuɗi kafin ya ba ka aiki, ka guje shi, wannan hanyar ƴan damfara ce.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, ƙofar tuba a buɗe take. Ya goge abin da ya rubuta in yana da iko, ya fitar da kuɗin daga dukiyarsa ya ba mabuƙata, kada ya ɗinka kayan salla da su. Ku kuma iyaye, in ɗa ya aiko da kuɗi, ku tambaye shi sana'arsa kafin ku sa masa albarka.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare harsunanmu da hannuwanmu, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya da damina mai albarka.