Jawabi Kan Shukar Ado A Gidajenmu Na Sabo: Wace Za Mu Ɗauka, Wace Za Mu Bari?



  

An ɗora mana nauyin yin magana a kan shuke-shuken ado, wato abin nan da aka fi sani da fulawa. Wani zai ce, ana fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, wa yake ta fulawa? To jama'a, a yi mana haƙuri a saurara. Tun shekarar 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo a nan Badun. Yau fiye da shekara 100 ke nan. Mun haihu a nan, mun aurar a nan, mun binne iyaye a nan. Amma ka shiga gidajenmu da yawa, daga ƙofa har bayan gida siminti ne ƙwal, ba ko ganye ɗaya, sai ka ce gidan wanda ya ɗaure kayansa zai tashi da asuba. Wanda ya san ya zauna, shi ke dasa itace.

Sai dai dasawa ba a yinta da ka. Maganarmu ta yau guda ɗaya ce: kada ido ya zaɓar maka shuka a bakin titi, bari gidanka ya zaɓar maka. Kafin ka ciro kuɗi, ka tambayi kanka abu huɗu. Yaya ruwan garin nan yake? Yaya filin da nake da shi? Su wa ke kai da kawowa a tsakar gidan? Me maƙwabcina zai fahimta in ya ga abin da na dasa?

Tambaya ta farko: ruwa

A Kano, ruwan shekara yakan kai wajen milimita 800 zuwa 900, kuma cikin wata huɗu ko biyar yake zuba ya ɗauke. A nan Badun kuwa yakan haura milimita 1,200, ya faro tun watan Maris ko Afrilu, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo da ƙarfinsa a Satumba har Oktoba. 'Yan'uwanmu na Ikko nasu ya ma fi namu yawa. Ke nan a Arewa ƙishirwa ke kashe shuka, a nan Kurmi kuwa ruwa ke kashe ta. Wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi mantawa.

Ku ɗauki kariya. Kowa ya san ta a gida, mai kumburarren gindi, mai jan furen nan da ke fitowa da rani lokacin da komai ya bushe. Mutum zai je ganin gida ya ɗauko ta cikin ɗoki, ya zo ya tona rami a tsakar gida ya binne, yana ba ta ruwa safe da yamma. Kafin damina ta raba, gindin ya yi laushi ya ruɓe. Ba maita ba ce, ba kuma bakin mutane ba ne. Kumburin nan na gindinta tulu ne, ruwa ta ajiye a ciki. Ka ƙara wa cikakken tulu ruwa, me kake jira?

Haka duk dangin tsirrai masu ajiye ruwa a jikinsu suke. Akwai kabar giwa, wadda wasu ke ce wa zabuwa, da 'yar'uwarta ta kanti da ake kira alobera. Yarbawa suna ce mata eti erin, wato kunnen giwa. Kun ga mu da su duk giwa muka hango. Akwai abamoda, wanda wasu namu ke kira shuka-halinka, wanda in ganyensa ya faɗi ƙasa sai 'ya'ya su tsiro a gefen ganyen. Akwai kuma moda, mai dogon ganye kamar takobi, wadda mutanen da ke fitar da zare daga jikinta su yi igiya. Duk waɗannan za su rayu a Sabo, amma da sharaɗi uku. A sa su a tukunya ko bokiti da aka huda gindinsa. A haɗa musu ƙasa mai saurin tsanewa: kashi biyu yashi, kashi ɗaya ƙasa, kashi ɗaya tsakuwa ko dakakken gawayi. Sannan a ajiye su ƙarƙashin baranda ta wajen da hantsi ke bugawa, inda ruwan indararo ba zai zuba a kansu ba. Kada a ba su ruwa sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe. In reshe aka yanko, a bar shi a inuwa kwana uku zuwa mako guda, bakin yankan ya bushe, kafin a dasa. A cikinsu moda ce mai haƙuri, don ko a lungun da rana ba ta shiga sosai za ta zauna.

Amma in kana son abin da za ka sa a ƙasa ka huta, nemi 'yan gari, masu son ruwa. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Akwai kana, mai faɗin ganye kamar na ƙaramar ayaba da fure ja ko rawaya, wadda ke sake tohowa daga saiwarta kowace shekara. Akwai albasar kwaɗi mai farin fure. Akwai ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, wadda za a yi ado da ita a kuma jefa a buta. Akwai ɗoɗɗoya, efinrin ɗin Yarbawa, da shuwaka, ewuronsu. Waɗannan ba a sake sayensu kowace damina. Sau ɗaya za ka dasa, in sun yi yawa ka raba gindin ka ba maƙwabci.

Tambaya ta biyu: fili

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, gidajen Sabo a matse suke, kuma da yawanmu haya muke. Wanda ke haya, ya yi lambunsa a tukwane da tsofaffin bokitai da garewani. Ran da aka ce tashi, sai ya loda abinsa a mota tare da katifa. In kuwa zai tona ƙasa, ya fara neman iznin mai gida, don kada abin ado ya zama abin shari'a.

Mai gidan kansa kuma ya yi hattara da manyan itatuwa. Ceɗiya da durumi da danginsu suna da inuwa mai daɗi, amma saiwarsu bin ruwa take, ta fasa daɓe, ta tsaga katanga, ta shiga sokawe. Akwai wani ɗan'uwansu mai ƙananan ganye masu sheƙi da ake sayarwa a leda kamar abin wasa, ana cewa na shinge ne. Bar shi shekara biyar ba aski, ka ga aiki. Gajerun itatuwa su suka dace da mu, kuma a bar aƙalla taku biyu tsakaninsu da bango.

A cikin gajerun nan, ga waɗanda muka ga sun karɓi ƙasar nan. Na farko lalle. Namu ne, su ma Yarbawa sun san shi da laali. A ba shi wuri mai rana, zai yi shinge, furensa ya cika gida da ƙamshi da dare, iyayenmu mata kuma su huta da aike kasuwa in biki ya taso. Na biyu ikzora, mai jan fure cunkus kamar dunƙulen hannu. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, tana jure aski, amma ba ta shiri da toka ko ɓaraguzan siminti. In ka ga ganyenta ya koma rawaya, to ƙasar ce ba ta yi mata ba. Na uku habiskos, mai babban fure, wanda dangin yakuwa ne da rama da kuɓewa. Ku dubi furen kuɓewa ku dubi nasa, za ku ga kamar. Na huɗu kuroton, wanda adonsa a ganye yake, ja da rawaya da kore, kuma sai ya sha rana launin ke fita. Na biyar boganbiliya, mai hawa katanga. Daga Kudancin Amurka aka kawo ta, kuma sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe ta ci. Tana da ƙaya, saboda haka ta fi kyau a katangar waje, ba kan hanyar yara ba. Sirrinta shi ne, in ka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye ba fure. Da hunturu, in ta ji ƙishi, a nan take nuna kanta.

Wani abu kuma game da fili. Dattawanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, wadda ta ci rayuka da dukiya, ta kuma lalata lambun Agodi da aka kafa tun 1967. Matasa kuma sun ga ta watan Agusta na 2011. Duk gidan da aka shafe da siminti kaf, ruwansa titi yake tura wa. Ɗan filin da ka bari ka yi shuka, ruwa yake sha. Kuma don Allah in an yi wa shuka aski, kada a zuba rassan a kwata.

Tambaya ta uku: yara da dabbobi

A nan muke roƙon iyayenmu mata su buɗe kunne, don ku ke wuni da yaran. Wasu furannin kyan ɗan maciji gare su. Oliyanda, mai siririn dogon ganye da fure ja-ja ko fari, tun daga ganye har saiwa dafi ce, tana taɓa zuciya, ko hayaƙin itacenta ba a so. Haka gamboje, mai furen rawaya kamar mazurari, ƙwallonsa na iya kashe yaro. Akwai wata ta cikin ɗaki mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da karan bebe, don wanda ya tauna ta bakinsa da harshensa kan kumbura har magana ta gagara. Cin-da-zugu, 'ya'yansa kamar gyaɗa suke a idon yaro, ga su da sa amai da gudawa. Tinya kuwa ba sai mun gaya wa Bahaushe ba, ruwanta in ya shiga ido yana iya makantarwa. Ita kanta kariya da muka yaba, da ruwanta maharba ke haɗa dafin kibiya a wasu ƙasashe, don haka a ɗora tukunyarta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Albasar kwaɗi ma sunan albasa kawai ta ci, ba ta shiga miya.

Ƙa'ida mai sauƙi: duk shukar da ka karya ka ga farin ruwa kamar nono, ɗauke ta a matsayin mai dafi har sai wanda ya sani ya ce maka a'a. In yaro ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ana jiran gani. A garzaya asibiti, a tafi da reshen don likita ya gani. Kuma ba kowane ganyen ado ake dafawa a sha ba. Ɗan furen nan mai ruwan hoda da ke fitowa ko a tsagar daɓe, ɗan asalin tsibirin Madagaska, daga jikinsa masana suka fitar da magungunan sankarar jini. Amma wannan aikin ma'aunin likita ne, ba na tukunyar gida ba.

Masu awaki da masu ɗaure ragon layya, ku sani habiskos alewa ce a wurin akuya, oliyanda kuma ajalinta ce. Sai a kewaye ta farko, a nisanci ta biyu. Sannan sauro. Daga ƙwai zuwa mai cizo, mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi. Duk faranti ko gwangwanin da ke ƙarƙashin tukunya, a zubar da ruwansa kowane mako.

Tambaya ta huɗu: maƙwabta

Jama'a, a cikin mutane muke zaune, kuma itace yana da ma'ana a wurinsu. Aduruku, wanda mu muka ɗauka itacen shinge ne kawai, shi ne akoko, ganyen da Yarbawa ke sa wa mutum a ka ran da za a naɗa shi sarauta. Peregun kuma, mai dogayen ganye a kan sanda, da shi suke shaida iyakar fili da wuraren da suke girmamawa. Saboda haka in ka sayi fili ka tarar da su a gefe, kada ka sa adda sai ka tambaya. Kada kuma ka jera peregun a tsakaninka da maƙwabci ba da saninsa ba, don kai ado ka yi, shi kuwa zai ga ka ja iyaka. Rigimar da za a kai gaban Sarki a kan sanda biyar, gaisuwar minti biyar ta isa ta hana ta.

Yadda za a saya

A sayi dashe a watan Afrilu ko Mayu, in ruwa ya zauna, sama ta yi maka ban ruwa kyauta. Masu ajiye ruwa kuwa a bari sai damina ta wuce. Kada ka bi mafi yawan fure, duba ƙarƙashin ganye ko akwai farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ka kuma ɗaga ledar ka ga ko saiwa ta kama ƙasa. Wani reshe jiya aka soka shi a leda. Araha ba ta ado. Takin shanu daga kara yana da kyau, amma sai wanda ya kwana biyu ya ruɓe, ɗanye ƙona saiwa yake.

Kuma mu a Badun ba mu da uzurin rashin sani. Ga lambun tsirrai na Jami'ar Ibadan, ga cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a Idi-Ishin, ga ta binciken gandun daji a Jericho. Mu kai yaranmu su ga itacen da girmansa kafin mu dasa shi. Ga kuma 'yan'uwanmu masu aikin gadina a gidajen manya, shekara da shekaru suna ƙawata gidajen wasu. Mu tambaye su, mu biya su haƙƙinsu, su ƙawata namu.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce, kowane gida ya fara da uku kacal a wannan damina: lalle ɗaya a wurin rana, ciyawar shayi ɗaya kusa da madafa, da moda ɗaya a tukunya bakin zaure. Wanda nasa ya kama, baɗi ya yanka wa gida biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

 Wanda ke da tambaya, ga mu nan bayan an tashi. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya maida kowa gidansa lafiya.